Atisayen naushi da shuri: daga taku zuwa damben gwaji, mataki-mataki

Akwai ɗan wasan da in ka gan shi gaban buhun naushi sai ka rantse ya isa ɗaukar kambu. Hannu na fita da sauri, buhu na ƙara, gumi na tsiyaya. Ranar da aka tsayar da shi gaban mutum mai hannu biyu kuwa, naushin farko da ya sauka a hancinsa sai komai ya watse: ido ya runtse, haɓa ta ɗaga, ƙafafu suka harɗe. Laifin na atisayensa ne. Watanni ya kwashe yana koyon rabin aiki, domin buhu ba ya ramawa.

Kowane duka yana da gaɓa uku: yadda ka shiga, dukan kansa, da yadda ka fita ba a rama a kanka ba. Duk atisayen da ya tsaya a gaɓa ta biyu yana koya wa jikinka ya tsaya cak bayan ya kai hari, kuma a daidai wannan lokacin ake kayar da mutane. A kan wannan aka jera abin da ke tafe, kuma ya shafi damben zamani, da kikbosin (damben da ake haɗa naushi da shuri), da damben Tailan da ake kira Muay Thai, da ɓangaren tsaye na MMA (wasan da ya haɗa naushi, shuri da kokawa). Bayanin na mai amfani da hannun dama ne, wato ƙafar hagu a gaba. Bahago sai ya juya komai.

## Agogo da kayan aiki

Ka saba auna atisaye da turmi. Turmin minti uku da hutun minti ɗaya ya samo asali daga dokokin Queensberry da aka wallafa a Ingila a 1867, kuma har yau shi ne ma'aunin damben maza ƙwararru. A Muay Thai na asali turmi biyar ake yi, minti uku-uku, da hutun minti biyu. A MMA turmi minti biyar ne. Sabon shiga ya fara da minti biyu, ya ƙara in ya ga yana kai ƙarshen turmi hannunsa na sama.

Kada ka doki abu mai tauri ba ka naɗe hannu ba. Bandejin hannu na manya yakan kai mita 4.5. A maƙala shi a babban yatsa, a zagaya wuyan hannu, a rufe ƙasusuwan kan dunƙule, a ratsa tsakanin yatsu, a dawo a ƙare a wuyan hannu. In ka dunƙule ya kama tam, in ka buɗe yatsu ba su yi sanyi ba, ya yi daidai. Safar dambe mai oza 12 ko 14 ta ishe ka a buhu, amma gwaji da mutum sai mai oza 16, wajen giram 450 ke nan kowace ɗaya. Robar haƙori dole ce duk lokacin da wani zai miƙo maka hannu. Ɗumama jiki kuwa, turmi biyu na tsallen igiya da jujjuya kafaɗa da ƙugu sun wadatar.

## Mataki na ɗaya: ƙafa kafin hannu

Nan ne mutane ke gajiya da wuri, kuma nan ne ribar ta fi yawa.

Ware ƙafafu faɗin kafaɗa, ta hagu a gaba. In aka ja layi daga babban yatsan ƙafar gaba, ya bi ta kan dundunyar ƙafar baya. Dundunyar baya ta ɗan ɗaga, gwiwoyi su yi laushi, nauyi ya rabu kusan daidai. Haɓa a ƙasa, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, hannun dama kusa da kunci. Ɗan damben zamani yakan ba da gefe sosai don ya rage wurin da za a same shi. Mai wasan da ake shuri ba ya iya yin haka, domin cinyar gaba za ta zama abin hari. Shi yakan fuskanci abokin karawa, nauyinsa ya ɗan koma baya, ƙafar gaba ta zama mai sauƙin ɗagawa. Ka zaɓi tsayuwar wasanka tun yanzu, domin sauya ta daga baya aiki ne ja.

Ƙa'idar taku ɗaya ce: ƙafar da ta fi kusa da inda za ka, ita ke fara tafiya, ɗayar ta biyo ta da tazara iri ɗaya. Za ka gaba, ta gaba ta fara. Za ka dama, ta dama ta fara. Ƙafafu ba sa haɗuwa, ba sa harɗewa.

Zana murabba'i a ƙasa, kowane gefe kamar mita ɗaya. Ka bi shi da taku: gaba, dama, baya, hagu, sannan ka juya akasin haka. Turmi biyu, hannu a sama, ba naushi. Ka sa wani ya riƙa tafa hannu ba zato. Duk lokacin da ya tafa ka daskare a inda kake, ya zo ya ɗan tura kafaɗarka. In ka yi tangaɗi, ko ka ga ba za ka iya sakin hannun dama daga wannan tsayuwar ba, takun ya yi faɗi ko ya yi ƙunci. Wannan turawar ta fi madubi faɗin gaskiya.

Sai juyi. Ka kafa gaban tafin ƙafar hagu, ka ja ƙafar dama ta zagaya kashi ɗaya cikin huɗu na da'ira, jikinka duka ya juya tare. Da wannan ake fita daga layin mai afko maka kai tsaye. Ka haɗa shi da taku: gaba biyu, juyi, baya ɗaya.

Da ka samu abokin atisaye, ku yi wasan tazara. Ku tsaya inda in ka miƙa hannun hagu saura kamar tafin hannu ɗaya ka taɓa shi. Shi ne jagora: ya matso, ka ja, ya ja, ka bi, ya zagaya, ka juya. Aikinka ka riƙe wannan tazara har turmi ya ƙare. Bayan kwanaki sai ku mayar da shi gasar taɓa kafaɗa da buɗaɗɗen hannu, kowa na neman ya taɓa ba a taɓa shi ba. Wasa ne a ido, amma duk abin da dambe ya ƙunsa yana ciki, ban da zafi. Vasyl Lomachenko na Yukren, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2008 da ta 2012, mahaifinsa da ke horar da shi ya sa shi koyon rawar ƙasarsu yana yaro, kuma duk wanda ya kalli yadda yake ɓacewa daga gaban mutum ya ɓullo ta gefensa ya san inda wannan ƙafa ta fito.

## Mataki na biyu: naushi shida, amma ɗaya ya fi sauran

Masu horarwa kan sa wa naushi lamba don kiran ya yi sauri. A tsarin da ya fi yaɗuwa, ɗaya shi ne jab, wato miƙaƙƙen naushin hannun gaba. Biyu miƙaƙƙen hannun baya. Uku ƙugiyar hannun gaba da ke zuwa ta gefe. Huɗu ƙugiyar hannun baya. Biyar da shida su ne masu tasowa daga ƙasa zuwa haɓa, na gaba da na baya. Wasu gidajen horo na sauya lambobin ƙarshe, don haka ka tambayi kocinka kafin ya kira huɗu ka saki wani abu daban.

Rabin lokacin hannu a watannin farko jab ya kamata ya ci. Da shi ake auna tazara, da shi ake rufe wa mutum ido, da shi ake katse harinsa tun bai fara ba. Larry Holmes ya riƙe kambun masu nauyi daga 1978 zuwa 1985, kuma babban makaminsa wannan hannun hagu ne.

Jab yana tashi daga inda hannu yake, ba a ja shi baya tukuna, ba a sauke shi. Yana tafiya a miƙe, dunƙulen ya juya tafin hannu ya kalli ƙasa a ƙarshe, kafaɗar hagu ta taso ta rufe haɓa. Sannan ya dawo ta hanyar da ya bi, da saurin wanda ya taɓa garwashi. Ka fitar da gajeren numfashi ta haƙora da kowane naushi. Mai riƙe numfashi kan gaji tun turmi bai yi rabi ba.

Atisaye biyu ke gyara yawancin kurakuran jab. Na farko, ka tsaya bango yana gefen hagunka, kusa sosai, ka riƙa sakin jab a layin bangon. In gwiwar hannunka na buɗewa waje, bango zai sanar da kai. Na biyu, ka maƙale ƙwallon tanis tsakanin haɓa da ƙirji ka yi jab turmi guda. Ƙwallon ta faɗi, haɓa ta ɗaga ke nan.

Naushi na biyu daga ƙasa ƙarfinsa ke tasowa. Ƙafar baya ta tura, dunduniya ta juya waje, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu shi ne na ƙarshe. Don jiki ya gane wannan jeri, ka ɗora sanda a bayan wuya ka riƙe ta da hannu biyu, ka riƙa juya ƙugu daga tsayuwarka har bakin sandar na dama ya nuna gaba. Sau ashirin, sannan ka ajiye sanda ka saki naushin da wannan juyin. Kanka kada ya wuce gwiwar gaba. Ƙugiya kuma gajeriya ce: gwiwar hannu a lanƙwashe, a tsayin kafaɗa, juyin jiki ne ke kai ta. In hannunka ya buɗe ya yi zagaye mai faɗi, kowa zai gan shi tun daga nesa.

Da ƙasusuwan yatsa manuni da na tsakiya ake sauka. Ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa siriri ne, kuma karayarsa ta yi yawa a tsakanin masu kai naushi a karkace har likitoci na kiranta karayar ɗan dambe.

## Mataki na uku: damben inuwa

Dambe da iska ne, amma da abokin karawa a cikin kanka. Yawancin mutane suna mayar da shi ɗumama jiki, su yi ta wurga hannu suna kallon kansu a madubi. Asara ce. Ka ba kowane turmi take guda. Turmin farko taku da jab kawai. Na biyu ɗaya-biyu, sannan dole ka bar wurin, ko da juyi ko da taku zuwa gefe. Na uku ka ɗauka shi ne ke fara kai hari: ka goce, ka rama, ka fita. Na huɗu ka ɗauka ya fi ka tsawo, sai ka ratsa jab ɗinsa kafin ka isa gare shi.

Ka yi shi a hankali fiye da yadda zuciyarka ke so. Kuma kada ka miƙe gwiwar hannu har ta ƙame a iska, tana jin ciwo a haka.

## Mataki na huɗu: buhu

Buhu na koyar da abin da iska ba ta iyawa: nauyin saukar naushi, daidaiton wuyan hannu, da tazara ta gaske. Yana kuma lalata mutum in aka bar shi da shi ba tsari.

Fara daga nesa, inda ba ka isa buhun ba sai ka yi taku. Shiga da jab, saki naushi biyu ko uku, mayar da hannu kunci, fita ta gefe. Haka kowane lokaci. In ka ga kana tsaye kusa da buhu kana hutawa, hannu a ƙasa, ka tuna cewa a wannan tazarar mutum da tuni ya same ka. Hutu a waje ake yin sa, ana tafiya.

Buhun da ke lilo da yawa alama ce ta turawa. Naushi mai kyau yana nutsewa 'yan santimita cikin buhu ya dawo, buhun ya girgiza a inda yake da ƙara mai kaifi. In ya yi lilo kuma, kada ka kama shi da hannu. Ka bi shi in ya tafi, ka goce ko ka tare shi da miƙaƙƙen naushi in ya dawo, sai ya zama ya koya maka lokaci.

Ga jerin turmi shida da ke aiki ga mai watanni kaɗan a harka. Jab kawai, sama da ciki, ɗaya-ɗaya da bibbiyu. Sai ɗaya-biyu da fita hagu, ɗaya-biyu da fita dama. Sai ɗaya-biyu-uku, ka sunkuya ƙarƙashin ƙugiyar da kake zaton za a rama da ita. Sai turmin jiki, inda kake lanƙwasa gwiwa ka sauko, ba ka sauke hannu kawai ba. Sai turmin sauya nauyi: naushi uku marasa ƙarfi, na huɗu da ƙarfi. Na ƙarshe shi ne na wuta: daƙiƙa 15 na miƙaƙƙun naushi ba tsayawa, daƙiƙa 15 na taku da jab, har agogo ya buga. Turmi na biyar, na sauya nauyi, a ganina, ya fi sauran daraja. Wanda duk naushinsa nauyi ɗaya ne yana da sauƙin karantawa, kuma shi ke fara gajiya.

## Mataki na biyar: kariya da ramuwa

Kariya iri huɗu ce, kuma gara a koye su daga mai sauƙi zuwa mai haɗari: ja da baya da ƙafa, tarewa da safa ko damtse, kaɗe naushi da tafin hannu, sai gocewa da kai.

In kai kaɗai ne, ɗaura igiya daga bango zuwa bango a tsayin kafaɗarka. Ka bi ta kana taku gaba, kana sunkuyawa daga wannan gefe zuwa wancan. Gwiwa ce ke lanƙwashewa, baya na miƙe, ido na gaba. Duk fitowa ka saki naushi ɗaya ko biyu. Ka je ƙarshen igiyar, ka dawo da baya-baya. Cus D'Amato, wanda ya horar da Floyd Patterson da Mike Tyson, yakan rataye ƙaramar jakar yashi tana lilo a tsayin kai, ɗan dambe ya tsaya a hanyarta yana gocewa. Tyson ya zama zakaran masu nauyi mafi ƙarancin shekaru a 1986, yana da shekara 20, kuma mutane sun fi tuna ƙarfinsa, alhali kansa da ba ya zama wuri ɗaya ne ke kai shi inda ƙarfin zai yi amfani. Mai kikbosin ko Muay Thai ya rage zurfin sunkuyawa, domin a can akwai gwiwa da ƙwauri suna jiran kan da ya sauko.

Da aboki kuwa ga yadda za ku hau. Ya saki jab a hankali, daidai goshinka, ka tare da tafin hannun dama, ka mayar masa da jab nan take. Shi ma ya tare. Ku yi ta yi turmi guda. Sharaɗi ɗaya: ya nufi fuskarka da gaske. Abokin da ke kai naushi gefen kunnenka don tausayi yana koya maka kare abin da ba zai same ka ba. Sauƙin a rage gudu yake.

Da hannu ya saba, sai ka goce waje da jab ɗin, kanka ya matsa dama kaɗan, safarsa ta wuce ta kan kafaɗarka ta hagu, ka rama da naushi mai lamba biyu zuwa ƙirjinsa. Gocewar 'yan santimita ce kawai. Wanda ya yi nisa ya tsira amma ya rasa damar ramawa. Daga nan a bar masa zaɓi biyu, jab ko ƙugiya, bai gaya maka wanne ba. Sannan uku. Sannan ya sauya lokaci, wani sa'in ya jinkirta, wani sa'in ya ninka. A nan ne ido ke daina runtsewa. Ka kalli ƙirjinsa da kafaɗunsa, ba safarsa ba, domin kafaɗa ke fara motsi.

## Mataki na shida: shuri, gwiwa da tare su

Mai damben zamani zalla zai iya tsallake wannan.

Fara da shurin tura, wanda 'yan Tailan ke kira tip: ɗaga gwiwa, tura ƙugu gaba, gaban tafin ƙafa ya sauka a ciki, ƙafa ta dawo mazauninta. Jab ɗin ƙafa ke nan. Ka lila buhu, ka tsayar da shi da wannan shuri duk lokacin da ya dawo.

Shurin gefe da ƙwauri ake yin sa, ba da bayan ƙafa ba, inda ƙananan ƙasusuwa suke. Ƙafar gaba ta ɗan taka waje, ta juya a kan gabanta har dunduniya ta kusa kallon buhu, ƙugu ya kife, ƙafar dama ta biyo a sake. Hannun dama ya yi baya don daidaito, na hagu ya tsare fuska. Matsalar kusan kowane sabon shiga ita ce ƙafar da ke ƙasa ba ta juyawa, sai gwiwa ta sha murɗa, shurin kuma ya fito ba nauyi. Maganinta: ɗora ƙwaurinka a kan buhu ko cinyar aboki, ka bar shi a can, ka riƙa juya ƙafar ƙasa da ƙugu kawai, sau ashirin kowane gefe. Bayan haka shuri goma-goma a hankali, kana komawa cikakkiyar tsayuwa bayan kowane ɗaya.

Tarewa kuwa, ka ɗaga gwiwa ka karkata ta waje, saman ƙwauri ya fuskanci shurin, gwiwar hannu ta sauko ta haɗu da ita. Ku sa rigar ƙwauri, ya shura, ka tare, ka sauke ƙafar ka rama da naka shurin ba jinkiri. Kada a raina wannan. A Disamba 2013, a wani wasan MMA, Anderson Silva ya kai wa Chris Weidman shurin ƙasa a turmi na biyu, Weidman ya tare, ƙafar Silva ta hagu ta karye nan take. Darasi biyu ne a ciki: tarewa makami ce, kuma shurin da aka saki tsirara, ba hannu a gabansa, ana ganin zuwansa. 'Yan kikbosin na Holan sun shahara da rufe wannan ƙofa. Ernesto Hoost, wanda ya lashe babbar gasar kikbosin ta K-1 sau huɗu, yakan fara da hannu ya ƙare da shurin cinya. Ka gwada ɗaya-biyu-uku sannan shurin dama: ƙugiyar hagu na tura nauyin mutum kan ƙafarsa ta gaba, ƙafar da ke ɗauke da nauyi kuwa ba ta ɗaguwa da sauri.

Wani abu a gefe: masu dukan ƙwaurinsu da kwalba ko sanda don ya yi tauri suna ɓata lokaci, wani sa'in har da rauni. Ƙwauri na sabawa ne sannu a hankali, daga shurin buhu na watanni.

## Mataki na bakwai: fad

Fad, wato faifan da koci ke sawa a hannu yana tarar naushi, ya zama abin nuna bajinta a bidiyo, inda ake haddace dogon jeri ana kaɗa shi da sauri. Yana da daɗin kallo. Amfaninsa na gaske yana hannun mai riƙewa. Ya riƙa tafiya, ya riƙa ɓoye faifan ya fito da shi ba zato, ya riƙe su kusa da fuskarsa inda kan mutum yake, kuma bayan kowane jeri ya kawo duka. In hannunka na dama ya sauka lokacin jab, ya taɓa kuncinka da faifan hagu. Sau uku aka yi maka haka, hannun zai koyi zama a gida.

A nan ne kuma ya dace a fara yaudara. Motsa kafaɗa kamar jab zai fita, ko ƙugu kamar shuri na tafe, ka ga abin da mutum zai yi, sannan ka bi ta ƙofar da ya buɗe. Israel Adesanya, da ya karɓi kambun matsakaita nauyi na UFC, babbar gasar MMA, a 2019, yakan cika turmi da irin wannan motsi har abokin karawa ya rasa wanne ne na gaske. Ka ware turmi guda inda ba ka da izinin kai hari sai ka fara da yaudara.

## Mataki na takwas: damben gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kuma ba a jefa sabon shiga cikin cikakken gwaji a makonsa na farko. Ana hawa ne da sharuɗɗa. Jab da jab kawai. Sai ɗaya na kai hari, ɗaya na karewa, a sauya bayan minti ɗaya. Sai naushin jiki kawai, daga kafaɗa zuwa ƙugu. Sai ɗaya ya fara bayansa a kusurwa, aikinsa ya fita, na ɗayan ya hana shi. Sai a sa ƙafafun gaba na su biyun cikin da'ira guda, don koyon faɗan kusa. Cikakken gwaji shi ne na ƙarshe, shi ma da ƙarfin da bai wuce rabi ba. In abokinka bahago ne, ku ware turmi don yaƙin ƙafar gaba: wanda ƙafarsa ta kasance a waje da ta ɗayan, shi miƙaƙƙen hannunsa na baya ke samun hanya.

Ku yi magana kafin agogo ya fara. Wane irin ƙarfi, me aka yarda, me aka hana. In ɗaya ya ƙara zafi, a tsaya a faɗa masa, maimakon a rama da wanda ya fi shi, domin ta haka gwaji ke rikiɗewa ya zama faɗa. Ƙwararrun Tailan da ke hawa fili akai-akai sun shahara da gwaji mai sauƙi, kusan wasa, suna dariya suna taɓa juna, kuma ba wanda zai ce ba su iya ba. Mutum ba ya gwada sabuwar dabara in ya san kuskure ɗaya zai jawo masa jiri.

Batun ƙwaƙwalwa ba na wasa ba ne. Hular kariya tana rage tsagewar fata da kumburi, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza cikin ƙoƙon kai. A gasar Olamfik ta Rio a 2016 ma maza ba su sa ta ba. Duk wanda ya ji jiri, ciwon kai, tashin zuciya, gani biyu-biyu ko mantuwa bayan duka, atisayensa na ranar ya ƙare, ya ga likita, kuma ba ya komawa gwaji sai likitan ya sallame shi. Duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. Gwaji mai ƙarfi na masu shirin gasa ne, a gaban koci, kuma ba kullum ba.

## Yadda za a haɗa su cikin mako

Zama ɗaya na sa'a guda zai iya ɗaukar turmi biyu na igiya, biyu na taku, uku na damben inuwa, uku na atisaye da aboki ko fad, huɗu na buhu, sai miƙe jijiyoyi. Sabuwar dabara a farkon zama ake koyonta, jiki na da sabo. Aikin gajiya a ƙarshe. Kwana uku a mako sun ishi mai farawa, da ranar hutu a tsakani don wuyan hannu da ƙwauri su farfaɗo. Gwajin sharaɗi sau ɗaya a mako ya isa.

Ma'aunin hawa mataki na gaba shi ne ka iya yin na yanzu a turmi na ƙarshe, a gajiye, kamar yadda ka yi shi a na farko. Don ka tabbatar, jingina waya ta ɗauki turmi ɗaya na buhu ko na gwaji kowane mako, ka kalle shi a rage gudu. Kada ka kalli naushin da ya sauka. Ka tsayar da hoton daƙiƙa ɗaya bayan kowane hari, ka duba abu uku: ina hannun da bai yi duka ba yake, ina haɓa take, kuma ƙafafunka sun bar wurin ko suna nan. Wanda ya fi yawan fitowa ba daidai ba cikin ukun, shi za ka sa taken turmin farko na damben inuwa a mako mai zuwa.